Odar da Ake Cikawa da Gumi

Jama'a, duk wanda ya taɓa hawan keke a Yawunde ya san abu biyu ke jiransa, wato tudu da hayaniya. Tudun dai tun fil'azal yake nan. Amma hayaniyar a gaban idonmu ta yi girma. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kamfanin bas na SOTUC kuma ya durƙushe a 1995, sai tasi da 'yan babur, waɗanda muke kira bensikin, suka cika gari. Daga nan ƙararrawar keke ta zama kamar kukan sauro a maƙera.

Ni tela ne a nan Briqueterie, kuma da keke nake zuwa kasuwar Mokolo sayen zare da maɓalli. Wani ɗan yayana da ke zaune a Kanada ya zo ganin gida, ya kawo mini tsarabar wata oda mai suna AirZound. Ba ta da batir, ba ta da waya. Gora ce ta roba da ake ɗaurewa a sandar keke, da siririn tiyo da ya haɗa ta da ƙaho a kan hannun keken. Iska ake matsewa a cikin gorar. In ka danna maɓalli, iskar ta fito da ƙarfi ta kaɗa wani ɗan faifai a cikin ƙahon, sai ka ji ƙara kamar ta babbar mota. Masu ƙera ta sun ce ƙararta ta kai dasibel 115.

To, in iskar ta ƙare fa? Nan ne abin ya burge ni. Ana ɗaga maɓallin, sai ga bawul a ƙarƙashinsa irin na tayar mota da babur, wanda ake kira Schrader, da sunan wani Bajamushe da ya zauna a Amurka. Sai ka kafa bakin famfo ka yi ta bugawa. Sai dai a lura, tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix bawul ɗinsu daban ne, saboda haka famfonsu ba lallai ya kama ba sai an sa masa baki. Takardar da ta zo da odar ta ce kada a wuce bar 5 da rabi, wato fiye da ninki biyu na iskar tayar ƙaramar mota. Bugun farko babu wuya, amma kowane bugu ya fi na bayansa nauyi. Wani Bature, Robert Boyle, ya bayyana dalili tun 1662: in ka matse iska a rabin wurin da take, ƙarfinta ninkawa yake yi. Kafin gorar ta cika, goshi ya jiƙe. Da ruwan ciki kan ja na rijiya.

Mai facin bakin layinmu, yaro ne mai ladabi, ya ga ina fama ya ce, “Baba, ku kawo in ɗura muku da inji mana, ai nan da nan za ta cika.” Na ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana, amma injinka na tayar mota ne, gorar nan kuwa ko lita ɗaya ba ta kai ba.” Injin faci yana iya wuce iyaka kafin ka ƙifta ido, roba kuwa in ta fashe ba ta sallama. Famfo mai agogon awo ya fi. Kada kuma a bar gorar cike a tsakar rana, domin zafi yana ƙara wa iskar ciki ƙarfi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Iskar gorar ba ta da yawa. In ka danne maɓallin ba sassauci, kafin minti guda ta ƙare, sai ka sauka ka koma bugun famfo. Saboda haka kowace oda da zan yi sai na auna ta. Na adana ta domin mai tasin da zai yanke ni ya ɗauki fasinja, ko mai babbar motar da bai gan ni a madubi ba, a gangaren da ke sauka wajen Palais des Sports. Nan oda tana iya raba mutum da asibiti. Amma a cikin lungu, inda yara ke komowa daga makarantar allo, mata na ɗauke da tallan fura, dattawa na fitowa daga babban masallaci, ƙararrawa da “gafara dai” sun wadatar. Masana lafiyar kunne sun ce ƙarar da ta wuce dasibel 85, in ta daɗe, tana cin ji. Ina ga 115 a bayan kunnen tsohuwa?

Direban mota kuwa odarsa ta banza ce, batir ke biya. Shi ya sa za ka ji shi yana dannawa a cunkoson da ya san babu mai motsi, yana dannawa don kiran fasinja, yana dannawa don gaida aboki, har da tsakar dare a ƙofar gidan mai jinya. Sakamakon haka kunnen kowa ya mutu. Ranar da odar ta zama ta gaske, babu mai waiwayowa, domin an saba.

Ba ina cewa a ɗaura wa kowace tasi gora da famfo ba. Roƙona ga 'yan'uwa direbobi da 'yan bensikin na unguwarmu shi ne, kafin hannu ya kai kan oda, mutum ya tambayi kansa: da da gumina zan biya wannan ƙarar, zan yi ta? In amsar i ce, a danna, rai ake ceto. In a'a ce, a taka birki, a yi haƙuri. Allah ya kai kowa gida lafiya.