Camfin Zakka da Wanda Zai Rubuta Shi

A Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, har yanzu tsohuwa kan hana jikarta shara da dare, wai tana kore arziki. Haka ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, don kada a ƙona 'ya'yan aljanu. Malamai na cewa camfi ne, kuma ban musa ba. Sai dai idan na natsu ina ganin dabara a ciki: mai shara cikin duhu na iya kwashe allura ko kuɗi, ko kunama ta harbe ta.

Abin da ke damuna shi ne dandalin da ake jin waɗannan zantuka ya watse. Tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Rugu, ƙauyukan Batsari da Safana da yawa sun tashi, wasu sun koma Katsina, wasu Dutsin-Ma. Wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya zaman tatsuniya.

Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa, waɗanda malamai suka rubuta da ajami. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara nasa don 'yan makaranta. Amma abin da tsofaffin wannan yanki suka sani game da tsamiya da kuka da tsofaffin rijiyoyi, yawancinsa a baki kawai yake.

Idan kana da kaka mai rai, ɗauki wayarka ka zauna kusa da ita, ka naɗi muryarta tun tana iya ba da labari.