Gani Ya Kori Ji: Amanar Littafi a Hannun Masu Zanen Fim

Duk wanda ya taɓa karanta labarin al'ajabi, irin mai matsafa da dodanni da biranen da babu su a taswira, ya san cewa shi ne ke gina duniyar labarin a cikin kansa. Marubuci ya ba shi kalmomi, shi kuma ya ƙera fuskoki. Ranar da aka mayar da littafin fim ɗin zane mai motsi, wato katun, wannan aiki ya fita daga hannunsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma na lura da haka a kaina: da zarar na kalli fim, fuskar da aka zana ita ke zuwa mini ko da na koma ga littafin. Shi ya sa nake ɗaukar wannan aiki a matsayin amana. Tambayar da ke damuna ita ce: me mai fim ke da 'yancin canzawa, me kuma bai kamata ya taɓa ba?

Finafinai biyu na kamfanin Studio Ghibli na ƙasar Japan suka ba ni amsa. Shekara biyu ce tsakaninsu, uba ya yi ɗaya, ɗansa ya yi ɗayan.

Na farko shi ne Howl's Moving Castle, wanda Hayao Miyazaki ya fitar a 2004 daga littafin da marubuciyar Birtaniya Diana Wynne Jones ta wallafa a 1986. Labarin Sophie ne, budurwa mai ɗinkin huluna, wadda wata mayya ta yi wa asiri ta zama tsohuwa tukuf, ta je ta fake a gidan matsafi Howl, gidan da ba ya zama wuri ɗaya. Miyazaki bai ji tsoron sa almakashi ba. A littafin, Howl ɗan yankin Wales ne na duniyarmu. Fim ɗin ya share wannan gaba ɗaya. Ya kuma cika labarin da yaƙi, da jiragen sama masu ruwan bama-bamai a kan birane, saboda fushin da ya yi da mamayar Iraƙi ta 2003. Mayyar da ta halaka a ƙarshen littafin, a fim sai ta koma gajiyayyar tsohuwa, Sophie na ba ta abinci a baki.

Duk da wannan ɗimbin canji, marubuciyar ta yaba wa fim ɗin. Ni ma da na gama kallo ban ji an cuce ni ba. Dalili kuwa, abin da littafin ke faɗi yana nan daram: yarinyar da ta raina kanta ba ta sami bakin magana da ƙarfin zuciya ba sai da tsufa ya cire mata kunya da tsoron idon mutane.

Na biyu shi ne Tales from Earthsea na 2006, fim na farko da Goro Miyazaki ya ba da umarni. An ɗauko shi daga jerin littattafan Ba'amurkiya Ursula K. Le Guin, waɗanda suka faro da A Wizard of Earthsea a 1968. Tun a shekarun 1980 uban ya nemi izinin yin fim ɗin, ta ƙi. Da ta ga ayyukansa daga baya ta amince, bisa zaton shi zai yi da hannunsa, sai aikin ya faɗa wa ɗansa.

A ido, fim ɗin na da kyau: ga teku, ga tsoffin birane, ga sunayen Ged da Arren da Therru duk an kawo. Amma kama da wane ba wane ba ce. A littafin farko, matashin matsafi Ged, saboda girman kai, ya saki wata baƙar inuwa cikin duniya. Ta bi shi, ya bi ta, har ƙarshen teku. Bai ci nasara da takobi ba. Ya kira inuwar da sunansa na kansa, ya yarda cewa ita ɓangarensa ce. Darasin Le Guin ke nan: mugunta ba kullum daga waje take zuwa ba, kuma ba a gamawa da ita ta hanyar kashe wani. Fim ɗin kuwa ya tattara sharri ya ɗora wa mugun matsafi Cob, aka ƙone shi, aka huta. Ita kanta marubuciyar ta bayyana rashin jin daɗinta a rubuce, ta nuna cewa an mayar da tambaya mai zurfi ta zama faɗan jarumi da mugu.

Akwai kuma batun launin fata, wanda ya fi taɓa ni. Da gangan Le Guin ta sa mafi yawan mutanen duniyarta suka zama masu duhun fata, Ged kansa ja ne mai duhu, a zamanin da jaruman irin waɗannan littattafai kusan duk farare ne. A fim ɗin, yawancinsu sun yi haske. Mai fim da 'yan wasa na iya fakewa da cewa waɗanda ya samu ke nan. Mai zane ba shi da wannan uzuri, domin fenti na hannunsa, kowane launi zaɓinsa ne. Yaron da ya fara haɗuwa da Ged a allo ba zai taɓa sanin cewa an rubuta jarumin da kamanni kusa da nasa ba.

Wani zai ce fim fim ne, littafi littafi ne, kowa ya ci gashin kansa. Na yarda da rabin maganar. Littafi mai shafi 300 ba ya shiga awa biyu ba tare da an yi yanka ba. Ralph Bakshi ya gwada bin The Lord of the Rings sau da ƙafa a 1978, fim ɗin ya tsaya a wajen tsakiyar labarin, kashi na biyu bai taɓa fitowa daga hannunsa ba. Saboda haka biyayya ga kowane shafi ba ita ce amana ba. Amma wanda ya ari sunan littafi ya ari masu karatunsa da mutuncin marubucinsa. Yana iya rushe ɗakuna ya sāke gini, muddin bai tone harsashin ba.

Wannan magana za ta iso ƙofarmu, domin mu ma muna da irin waɗannan littattafai, kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kuma kwamfuta ta sauƙaƙa zane ga matasa. Duk wanda zai zana Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya rage tafiye-tafiyen in ya ga dama, ya ƙara waƙa in yana so. Sai dai kafin ya ɗauki alƙalamin zane, ya zauna ya tambayi kansa abin da ya sa mutane suka riƙe littafin tun 1934. In ya gano cewa barkwanci ne da wayon da mutanen biyu ke gwada wa juna, to wannan ne abin da ba shi da izinin taɓawa. Yara da yawa ba za su karanta littafin ba sai bayan sun ga fim ɗin, wasu ma ba za su karanta ba sam, abin da aka zana musu shi za su ɗauka shi ne labarin.