Haƙora biyar a ƙarƙashin kujerar moto

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli tun da na fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed a Damagaram, kuma kusan duka a ƙauyukan Tarka na yi su. Duk wanda ya san wannan yanki na Damargu ya san moto ba kayan ado ba ne ga mushen lakkol. Kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Tanut zuwa Agadas tana can gabas da mu. Mu nan sai rairayi da kwazazzabai da sawun amalanke. A kan moto muke zuwa Belbeji taron malamai, a kansa muke kai mara lafiya likita, a kansa hatsin gida ke shigowa. Nawa Kasea ne, shekararsa shida a hannuna. Ina canza masa mai a kan kari, ina wanke shi ran Lahadi, har ina yi wa abokan aiki gorin rashin kula da nasu.

Bara da kaka na ɗauki maman yara zuwa awo, tana da ciki wata biyar. Da muka gama, na ga gero ya yi sauƙi a kasuwa, na ce ba zan koma hannu rabbana ba. Na auni tiya 20, rabin buhu ke nan, wajen kilo 50, aka ɗaure mini a baya, ita kuma ta matso tsakanina da buhun. Tun daga fita gari na ji kan moton ya yi sakayau, yana rawa cikin yashi kamar ba ya taɓa ƙasa. Na ce ai halin yashi ne. Da muka zo wani ɗan kwazazzabo da na tsallaka fiye da sau ɗari, tayar baya ta faɗa, sai na ji ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwal! Bugun ya bi ta kujera ya shiga bayanta. Ba mu faɗi ba, amma ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Kwana uku tana kwance ba ta iya miƙewa, ni kuma ina shiga aji ina rubutu a allo ban san abin da nake rubutawa ba. Allah ya tsare, cikin bai taɓu ba; yarinyar ga ta nan tana rarrafe.

Na kai moton wurin gyara da niyyar a canza amortisar, wato ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke riƙe da tayar baya. Mai gyaran tsohon ɗalibina ne, wanda ya bar lakkol daga CM1 bayan na yi fama da shi a kan lissafi har na gaji. Ya duƙa ya shafa su, ya ga ba sa yoyon mai, ya danna kujera ya saki, ya ce, "Mushe, lafiyarsu lau. Tun da kuka saya, kun taɓa juya wannan?" Ya nuna mini wani zobe a gindin sifirin, mai haƙora biyar jere kamar matakala. Wallahi shekara shida ina wanke wurin nan da tsumma, ban taɓa tambayar kaina amfaninsa ba. Yana kan haƙori na farko, mafi sassauci, inda ya dace da mutum ɗaya mara nauyi irina.

Shi da ido yake aikinsa, amma ni malami ne, sai na ce mu auna. Washegari na zo da abin awon allo da guntun alli. Muka ɗage moton bisa ƙafarsa ta tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa, muka auna daga ƙusar tsakiyar taya zuwa wani ɗigo da na yi da alli a ƙarƙashin kujera. Ya ce duk tafiyar da tayar nan ke iya yi sama kafin ƙarfe ya tokare, wajen santimita 9 ce. Muka sauke, na hau ni kaɗai: ya nutse santimita 3. Yaron shagonsa ya hau bayana a madadin maman yara: 6. Aka ɗora rabin buhu: 8. Wato ran da abin ya faru, tun kafin in tada moto na cinye takwas cikin tara, saura ɗaya tak na bar wa ramukan hanya.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ba ta da wuya. Idan mahayi ya zauna da kayansa, nutsewar ta tsaya tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukan tafiyar. Abin da ya rage shi ke shanye bugu idan taya ta hau tudu. Wanda aka riga aka nutse kuma shi ke ba taya damar miƙewa ta bi rami ba tare da ta bar ƙasa ba. Ɗaya cikin uku! Darasin da na kasa cusa wa yaron nan a aji, ga shi yana cin abinci da shi. Da na faɗa masa, dariya ya yi ya ce, "Ai da da moto kuka koya mini, Mushe, da na gane."

Ya ɗauko wani ƙarfe mai baki kamar ƙugiya, ya juya zoben zuwa haƙori na biyar, dama da hagu, yana ƙirgawa da ƙarfi don kada ɗaya ya wuce ɗaya. Ko minti biyu bai yi ba. Muka sake awo. Mu biyu: huɗu da rabi. Da buhu: shida da rabi. A nan ne na fahimci abin da ya fi damuna. Shi cewa yake zoben yana ƙara wa sifirin tauri, kuma haka kowa ke faɗi, amma ba haka ba ne. Na gwada da ɗan sifirin ɗin cikin biro a gaban ƴan ajina: in ka riga ka matse shi kaɗan, ƙaramin nauyi ba ya motsa shi, amma da zarar ya fara tafiya, da laushinsa na da yake tafiya. Zoben ɗaga bayan moto kawai yake yi, ya mayar maka da santimita ɗaya ko biyu da nauyi ya ci. Ba ya mayar da moton mutum biyu na mutum huɗu. Ko da na juya shi ran nan, buhun ba shi da wurin zama.

Akwai ƙananan abubuwa da suka biyo baya. Idan baya ya nutse, fitila sama take kallo, kana haska rassan aduwa ramin gabanka na cikin duhu. Sarƙa kuma tana ƙara ɗaurewa idan an hau, don haka a duba sakinta da mutum a kai. In amortisar ta fara zubar da mai, moto na ta tsalle bayan kowane rami, to zobe ba ya maganin wannan, sai canji. Kuma in ka koma kai kaɗai ka bar shi a na biyar, ƙugunka zai gaya maka kafin ka yi kilomita goma.

Tun daga lokacin idona ya buɗe a bakin lakkol. Da safe uba zai zo daga tunga da yara uku, wani lokaci huɗu, ɗaya a kan tanki, murfin baya na gogar taya har ya yi sheƙi. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya kawo ɗansa daga nisan nan ya fi wanda ya tura shi kiwo, kuma ni ne na ƙarshe da zai yi wa wani wa'azi a kan lodi. Amma a taron iyayen yara na watan jiya, bayan an gama maganar zanar rufin aji, na roƙi minti biyar, na shigo da motona tsakiyar fili na nuna musu zoben. Motoci bakwai ne a wurin, muka bi su ɗaya ɗaya. Biyar suna kan haƙorin farko. Ɗaya kuwa dama na kan na biyu, hagu na kan na huɗu, mai shi ya ce shekara biyu yana zargin ƙafarsa ce ta fi ɗaya tsawo.

Wani dattijo ya ce, "Malam, to mu da muke ɗauko huɗu, a wane haƙori za mu sa?" Na ce masa babu haƙorin huɗu, Baba, sai dai sawu biyu. Ya ce man fa, wa zai saya? Ban da amsa, shi ma bai jira ta ba. Ya dai karɓi ƙugiyar ya juya nasa zuwa na biyar, ya ce babban zai riƙa tahowa a ƙasa tare da ƴan maƙwabta.

Na sa maƙeri ya ƙera mini irin ƙugiyar nan guda biyu. Ɗaya na cikin jakar moto tare da famfo, ɗaya na rataye a ƙusa bayan ƙofar ajina, kuma iyaye uku sun riga sun zo aro.