Zance da Satar Hanya a Fagge

A bakin mutanen Kano, "zance" shi ne zuwan saurayi wurin budurwa da sanin iyayenta. Wasu kan ce taɗi, wasu hira. Bayan magariba saurayi yakan tsaya a ƙofar gida, ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Sai a shimfiɗa tabarma a zaure, yarinya ta fito da ƙanwarta 'yar rakiya, in zai tafi ya ajiye kuɗin zance. Duk mai wucewa yana ganinsu, kuma ganin nan shi ne kariyar mutuncinta.

Haɗuwar da aka ɓoye ba a kiranta zance. Idan aka aiki yarinya Kantin Kwari sayen atamfa ta zarce wurin saurayi, sai a ce ta yi satar hanya. In da matar aure a ciki, sunan ya yi nauyi, ya zama kwartanci, namijin kuma kwarto. Tsarance kuwa tsohuwar al'adar karkara ce da malamai suka daɗe suna yaƙa, ba ta cikin wannan lissafi, domin ba a ɓoye ake yin ta ba.

Fagge ta san satar hanya da wuri saboda mazauninta. Tana wajen ganuwa, tsakanin birni da Sabon Gari, unguwar baƙin da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. A birni kowa ya san 'yar gidan wane. A Sabon Gari babu mai tambaya. Sinimar Rex da aka buɗe a 1937, da El Dorado, da Plaza ta cikin Fagge, sun samar da duhu da cunkoson da lungu ba ya bayarwa. Dawo da shari'a a 2000 da kafa Hisba a 2003 sun takaita wuraren, amma wayar hannu ta sauƙaƙa sa alkawari.

Dattawan da suka ga jiya suka ga yau sun lura da abu guda: satar hanya ta fi yawa a gidan da aka hana zance, ko aka zaɓa wa yarinya mijin da ba ta so. Suna da gaskiya. Abin da ke damunsu yanzu shi ne zauren kansa, don gidaje da dama a kewayen Kwari an mayar da su shaguna da ma'ajiyar kaya.