Ganuwar da aka yi saboda kakanmu

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai ƙaramar data ya yi haƙuri. Kwana huɗu ke nan abin yana cina, gara in sauke shi a nan.

Makon jiya malamin da ke ɗaukarmu darasin zama ɗan ƙasa ya ba mu asainmen, kowa ya rubuto tarihin garinsu, shafi uku, da hannu, ban da kwafowa daga intanet. Aji ya ɗauki gunaguni, ni kuwa murna na yi. Ni ɗan Wushishi ne, makarantarmu kuma a Zungeru take, ƙaramar hukuma ɗaya. In dai tarihi ne, a kansa muke kwana. A Zungeru Gwamna Lugga ya kafa hedikwatar Arewa a 1902, tana nan har lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka tashe ta zuwa Kaduna. A nan aka haifi Azikiwe a 1904, aka haifi Ojukwu a 1933. Ɗan ƙaramin layin dogon da Turawa suka shimfiɗa a 1901 ma da sunan Wushishi ake kiransa. Duk wannan a kaina yake, ko takarda ban duba ba.

Amma abin da na fi ɗoki shi ne na gida. A gidanmu akwai labarin da ake ba kowane yaro tun bai iya saka wando ba. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Ɗanfodiyo, ya yi sansani a Wushishi kafin ya kafa Kontagora a 1864, kakan Hajiya Kaka kuma barde ne a rundunar ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, wanda Turawa suka kora daga Kontagora a 1901. Har yau akwai wani tsohon linzami a ɗakinta da ba a bari mu taɓa. A dare ɗaya na cika shafi biyu, na karanta wa abokin ɗakina da murya irin ta mai shela.

Abokin nan nawa shekara biyu ke nan tukunyarmu ɗaya, risho ɗaya, har bashi ma wuri ɗaya muke ci. Bagwari ne, ko da yake ya sha gyara min, ya ce su Gbagyi suke kiran kansu. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Sai ya ce, "Mutumina, ya yi kyau. Ranar Asabar zo ka raka ni ƙauye in ɗebo doya, akwai abin da zan nuna maka ka cika shafi na ukun."

Wallahi doyar na bi.

Kafin mu fita sai da ya kira gida aka tambayi 'yan banga ko hanya lafiya. Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san dalili. Ba mu manta da ɗaliban Kagara da aka kwashe a Fabrairun 2021 ba, ba mu manta da yaran Islamiyyar Tegina sama da ɗari da aka ɗauke a watan Mayun shekarar ba, kuma duk maƙwabtanmu ne. Aka ce mu taho, amma kar la'asar ta same mu a daji. Muka hau mashin ɗaya, hunturu yana yankar fuska, muka bar kwalta muka kama turɓaya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kun san halin da ake ciki.

Bayan gaisuwa da shan ruwa, wan babansa, wani dattijo da ya haura saba'in, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba. Muka ratsa gonakin doya, muka yi tafiyar kamar minti ashirin, sai ya tsaya ya ce mun iso.

Gaskiya da farko ban ga komai ba. Ni da aka ce min kufai, na zaci zan ga gini irin Badalar Kano. Abin da ke gabana tudu ne kawai, dogo, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, ya miƙe hagu da dama ya shige cikin itatuwa. Da damina ce da na taka shi na wuce ban sani ba. Amma an ƙone ciyawa, ƙasa ta fito fili, da na hau kai na duba sai na ga ashe lanƙwasawa yake yi, yana zagayowa. A bayansa kuma ga wani kwari yana biye da shi duk inda ya juya. Ruwa ba ya irin wannan aikin. Hannu ne.

Baba ya yi mana bayani a tsaye. Rami ake haƙawa a kewaye gari, ƙasar da aka fitar a tara ta ta ciki, aiki ɗaya ya ba ka kariya biyu. A zuba ƙaya a ramin, a dasa sarƙaƙiya a gefensa. Ba don mai tafiya a ƙasa ake yi ba, don doki ake yi. Doki in ya zo a guje ya tarar da rami dole ya ja birki, in ya tsaya kuwa mai baka da ke bayan tudun ya samu abin da yake so. Ya nuna mana inda tudun ya yanke, ya ce ƙofa ce, an matse ta yadda mahaya biyu ba za su shiga a jere ba. Ya ce a zamanin kakansa ramin yana shanye mutum a tsaye, ruwan sama da garma ne suka cike shi.

Ciki kuwa shiru. Kukoki manya guda huɗu, irin waɗanda mutum biyar ba sa zagaye su da hannu. Duk inda ka sa ƙafa tsingaro ne, wani da zane a jikinsa kamar an danna igiya a kan ɗanyen yumɓu. Ga duwatsun niƙa, tsakiyarsu ta lotsa. Na durƙusa na sa tafin hannuna a cikin ɗaya, santsi kamar an shafa mai. Shekara nawa mace za ta yi tana niƙa kafin dutse ya lotsa haka? Abokina ya zaro naira ashirin ya nuna min hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, ya ce, "Ka ga 'yar'uwarsu nan." Na ɗauki wani tsingaro zan sa a aljihu, Baba ya ce, "A'a ɗana, ajiye musu kayansu."

Sai na yi tambayar da ta jawo min. Na ce, "Baba, wa ake tsoro haka har aka yi wannan wahala?"

Ya dube ni, ya dubi ɗan ƙaninsa. Ashe ɗan banzan ya riga ya ba shi labarin asainmen ɗina tun a waya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai za ka tambaye ni, jikan barde? Ai ku kuka ba mu kwangilar."

Muka yi dariya duka, amma tawa a maƙoshi ta tsaya. Ba da faɗa ya faɗa ba, ko alamar haushi babu, kuma hakan ya fi yi min nauyi. Ya ce da kaka mahaya suke zuwa, lokacin da rafuka suka janye, rumbuna suka cika. Garin ya sha tsira, sai shekarar da bai tsira ba. Kakansa yana yaro a lokacin, ya kwana biyu a kogon dutse, da ya fito bai tarar da yayarsa ba, kuma bai ƙara jin labarinta ba har ya mutu. Waɗanda suka rage ba su iya komawa ciki ba, suka matsa gaba suka kafa inda suke yanzu. Ya ƙare da cewa bara ma matasan ƙauyen sun yi shawarar haƙa rami ta bakin hanya, don mashin ma ba ya tsallake rami. Ya ce shi dai ya nuna musu yadda ake tara ƙasar.

Kar wani ya zo min kwamen da cewa na zagi magabata. Ban zagi kowa ba, kuma ba a taɓa ɓoye min cewa Kontagora ta kama bayi ba, yana cikin littattafai, a gida ma ana faɗa, sai dai da sigar jarumta ake faɗa. Abin da ban taɓa yi ba shi ne tsayawa ta cikin ganuwar in kalli inda dawakin suke ɓullowa. A shafi biyun da na rubuta, kalmar da na yi amfani da ita ita ce "ya buɗe ƙasa". Ƙasar da na ce an buɗe, ga ƙofarta na tsaya a kai.

A hanyar dawowa, buhun doya a tsakaninmu, ba wanda ya ce uffan sai da muka hau kwalta. Nan ya ce in na sake na yi masa fuskar tausayi a ɗaki, ni zan riƙa wanke tukunya har ƙarshen semista.

Da daddare na kira Hajiya Kaka. Ta ɗauka da tsokanarta ta kullum, "Maigida, ka tuna da ni ke nan, ko kuɗin cefane ne ya ƙare?" Na ba ta labarin inda na je. Na ce, "Kaka, shi barden nan kullum ana maganarsa, ita matarsa fa, kakarki, 'yar wane gari ce?"

Ta yi shiru har na duba ko kati ne ya ƙare. Sannan ta ce ba matar aure ba ce, sa-ɗaka ce, da ita ya dawo daga wani yaƙi tana yarinya. Ta ce ta riske ta da rai, tsohuwa mai ƙarancin magana, Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba. Sunan da ake kiranta da shi a gidan aka raɗa mata, na ainihin ba wanda ya riƙe, garinsu ma haka. Abu ɗaya ta ce ba ta mantawa. Duk matan gidan a ka suke ɗaukar tulu, ita kuwa har ta tsufa a kafaɗa take ɗora nata, ana yi mata dariya.

Abokina yana kwance a katifarsa yana jin komai, don a sifika na sa. Kowa a Neja ya san matan da ke ɗaukar kaya a kafaɗa. Ya tashi zaune, ya daɗe yana kallona, ya ce, "To ɗan'uwa, gobe kai za ka dafa doyar."

Ranar Litinin za a karɓi asainmen. Na yage shafi biyun farko, ban kuma fara sabo ba tukuna.