Kwarin Mina Da Alhaji Mai Ciwon Sukari Ko Hawan Jini

Mina wani kwari ne ƙuntatacce a tsakanin duwatsu, gabas da Makka, misalin kilomita 7 daga Masallacin Ka'aba. Wanda ya ratsa ta wurin a watan Rajab ba zai ga kowa ba sai fararen tantuna jere har iyakar ganinsa, tsit kamar garin da aka tashi. Amma daga ranar 8 ga Zulhajji sai kwarin nan ya cika maƙil. A Hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1 da dubu 800. A cikinsu akwai namu, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, waɗanda da yawansu ba su sami kuɗin kujera ba sai da furfura ta fito. Da wuya muka shiga wani tanti na mutanenmu ba mu tarar da mai ciwon sukari ko mai hawan jini ba, wani ma duka biyun.

Tantunan kansu ba abin kushewa ba ne. Bayan gobarar 1997, wadda ta ci rayuka fiye da 300, hukumomin Saudiyya suka kawar da na yadi, suka kafa waɗanda wuta ba ta kamawa, da na'urar sanyaya iska a ciki. Sai dai sanyin nan a bakin ƙofa yake ƙarewa, aikin Hajji kuwa a waje ake yinsa, kuma galibinsa tafiya ce da ƙafa. An buɗe jirgin ƙasa mai haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa a 2010, amma ba kowa ke samunsa ba, motoci kuma sukan cushe a hanya har mutum ya gwammace ya sauka. Wasu tantuna na da nisan kilomita 3 ko fiye daga wurin jifa, a je a dawo kwana uku ko huɗu a jere. Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai, sun zarce kilomita 3, ban da ɗawafi.

Kakanninmu sun bi ta Fort Lamy da Elfashir har Sawakin da ƙafa, su shekara da shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya. Mu kuwa jirgi ke ɗaukarmu daga Kano, cikin sa'o'i kaɗan mu ga Jidda, da jikin da ya saba da kujerar ofis ko tabarmar rumfa. A ganinmu, maniyyacin da ya biya kuɗinsa ya kamata ya soma tattaki na rabin sa'a kowace safiya bayan Asuba, tun saura wata uku, da takalmin da zai tafi da shi, ya kuma ga likitansa a daidaita masa magani.

Ranar 9 ga wata aka ɗunguma zuwa Arfa, fili ne shimfiɗaɗɗe misalin kilomita 20 daga Makka, inda rana ke dukan mutum ta sama, ƙasa kuma ta turo zafi ta ƙasa. A ranar 17 ga Yuni, 2024, ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Ka'aba, kuma Ministan Lafiya na Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu a Hajjin, kashi 83 cikin 100 nasu waɗanda suka shigo ba izini ne, ba su da tanti ba su da mota. Gaskiya ne lokacin Hajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, amma Makka ko a watan Mayu ba ta da sauƙi. Tsayuwar Arfa tana inganta a ko'ina cikin iyakokin filin, saboda haka babu dalilin da zai sa mai hawan jini ya bar inuwar tantinsa da tsakar rana don ya hau Dutsen Rahama.

Wani abin da muka lura da shi, har ya dame mu, shi ne yadda dattawa ke ƙin shan ruwa don gudun layin bayan gida. Wannan ganganci ne, musamman ga mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, domin zufa na fitar da ruwa, magani na fitarwa, sai jini ya faɗi, mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi. A riƙa sha kaɗan-kaɗan ba sai an ji ƙishi ba. Idan kuwa aka ga wani ya soma sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, to a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a kira ma'aikatan lafiya nan take. Akwai asibitoci a Mina da Arfa masu duba alhazai kyauta, Hukumar Alhazai ta Nijeriya ita ma tana tafiya da nata likitoci.

Daren Muzdalifa shi ne mafi haɗari ga mai ciwon sukari. A sararin Allah ake kwana, bisa tsakuwa, abincin dare ba tabbas, ga gajiyar yini. Wanda ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwaya bai ci kome ba, sukarinsa na iya sauka ƙasa da 70, sai karkarwa da zufa mai sanyi da ruɗewa, na kusa da shi su ɗauka gajiya ce. Dabino uku ko ƙwayar sukari a cikin 'yar jakar ɗamara sun isa su tashe shi, muddin yana iya haɗiya. Ya kamata abokan tantinsa su san ciwonsa, ya kuma rataya kati mai sunan ciwon da na maganin. Insulin kuwa zafi na kashe ƙarfinsa, kada a bar shi a rana ko cikin mota.

Sai maganar ƙafa, wadda mutanenmu suka fi rainawa. Daɗaɗɗen ciwon sukari yana kashe jin tafin ƙafa, mutum ya taka abin da zai ƙona shi bai sani ba. Farar marmarar da ke kewaye da Ka'aba ba ta ɗaukar zafi, amma kwaltar waje da rana kamar tanda take. Sau nawa alhaji ya fito daga salla bai ga silifansa ba, ya ce bari ya lallaɓa haka zuwa masauki? Daga nan bororo, daga bororo gyambo, wani sai ya dawo gida a yanke masa yatsa. A sa takalmi a jaka a shiga da shi, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare.

Shari'a ba ta ƙuntata wa mara lafiya ba. An yi rangwame ga masu rauni su bar Muzdalifa cikin dare kafin cunkoso. Wanda lalura ta tilasta masa sa safa ko rufaffen takalmi cikin harami ya sa, ya yi fidiya: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya ko tunkiya. Wanda ya kasa zuwa jifa ya wakilta wani, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya akwai hadaya a kansa, sai ya tanadi kuɗinta tun daga gida. Ana yin ɗawafi da Safa da Marwa a kan keken marasa lafiya a benen masallaci. Ɗawafin Ifada ma ba dole ba ne ranar Salla. A Malikiyya ana iya jinkirta shi cikin Zulhajji babu jini, sai mutum ya huta, kumburin ƙafa ya sauka, taro ya ragu, sa'an nan ya je bayan Isha'i da sanyin dare.