Tsibiran Tudu: Hutu Tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A yawancin littattafan matasa da ake kawo mana daga waje, da zarar an ba da hutu sai iyali su ɗaure kaya, su hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri, su yi kwanaki suna shan iska a bakin teku. Ɗalibin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa in ya rufe irin wannan littafi, sai ya duba gabas da yamma, babu teku balle tsibiri. Tsibiran da Bahaushe ya fi sani suna can Yawuri a Jihar Kebbi, cikin Kogin Kwara, inda ake ce wa tsibiri gungu, mazaunansa kuma Gungawa. To ƙannena, ke nan mu ba mu da rabo? Muna da shi, sai dai namu tsibiran a tudu suke.

Ku tuna darasin labarin ƙasa. Manyan duwatsun nan da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili, masana suna kiransu da wata kalmar Jamusanci mai ma'anar dutsen tsibiri. Ruwan sama da iska ne suka daɗe suna cinye ƙasa mai laushi da ke kewaye, suka bar dutse mai tauri a tsaye. Irinsu ne a ƙasar Pauwa ta Ƙanƙara da kuma kewayen Faskari. A watan Agusta, lokacin da masara da dawa suka rufe ƙasa, idan iska ta kaɗa sai gonaki su riƙa tashi suna sauka kamar igiyar ruwa, duwatsun kuwa suna tsakiya ko gezau.

Hutun iyali da ya fi zauna mini a rai, a kan wannan hanya muka yi shi. Daga Funtuwa muka kama titin Gusau, muka tsaya a madatsar ruwa ta Mairuwa. Babanmu ya shimfiɗa tabarma a inuwa, Innarmu ta buɗe kwanon dambu, ƙannena suka ƙura wa masunta ido. Daga nan muka wuce Sheme, muka karya zuwa Ƙanƙara, garin da ya yi suna da farar ƙasa, wadda masana'antu ke sa wa a fenti da takarda da tangaran. Ba mu kashe kuɗin kirki ba, amma mun dawo da labarin da muka yi wata guda muna ba abokai.

Sai dai kowa ya san abin da ya sami hanyoyin nan. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun nan. A lokacin garuruwanmu sun zama tsibirai na gaske, ba don ruwa ya kewaye su ba. Mutumin Sabuwa, da ke iyaka da Birnin Gwari, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Dajin Kogo ma, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa a 2020, ba wurin da iyali za su shimfiɗa tabarma ba ne a yanzu.

A nan littafi ke nuna amfaninsa, domin shi ba a tare masa hanya. Magabatanmu sun bar mana labaran tafiya tun kafin a haifi kakanninmu. Gasar rubutu ta 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan magani, yana ta karo da Malam Zurƙe. Ita ce kuma ta haifar da Ganɗoki na yayansa, Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya kai mai karatu har ƙetaren Sahara. Imam a Katsina ya yi karatu, a nan kuma ya koyar. Ku lura, dukansu daga gida suka fara, da sunayen garuruwan da suka sani.

Saboda haka, a hutun nan ku ari littafi ɗaya daga ɗakin karatu ko wurin malamin Hausa, ku riƙa karanta wa ƙannenku babi ɗaya kowane dare bayan sallar isha'i. Sannan ku sami littafin rubutu, ku zauna da kaka ko kawu, su faɗa muku yadda kasuwar Sheme da ta 'Yankara ke cika, da yadda ake hawan dutse yawon salla a zamaninsu. Kada wanda ya nufi dutse ko daji ba da izinin manya ba, rai ya fi yawo.

Yaron da ke wata ƙasa bai taɓa jin sunan Daudawa ko Ƙetare ba, waɗanda suka ji kuwa galibi a labarin hari suka ji. In ba ku rubuta sauran labarin ba, wa zai rubuta? Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya buɗe hanyoyinmu, amin.